A bar Dodo ya shiga aji

A ƙarshen watan Oktoba na kowace shekara, intanet kan cika da darussan koya wa yara rubuta labaran ban tsoro, albarkacin bikin Halloween da ake yi a Amurka ranar 31 ga wata. Wasu malamai sun ga haka sun yi sha'awa, suna neman a kwafo kabewa mai haƙora da mayya mai hawan tsintsiya. Wasu kuwa sun ɗaure fuska, sun ce labarin tsoro ƙarya ce da ɓata tarbiyya. Dukkansu sun yi kuskure, kuma ɗan makarantar Tarka ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Mai kwafowa ya manta inda yake. A Damargu kabewa ta miyar taushe ce, ba ta tsorata kowa. Ƙasar tana da nata lokacin tsoro: bayan kaka, in gero ya shiga rumbu, hunturu ya sauka, yara suka kewaye wuta, tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku. A nan Dodo ke fitowa daga ruwa, a nan budurwar da ta rantse ba ta auren mai tabo ke gane wanda ta aura, bayan sun yi nisa cikin daji. Yaron da ya taso daga Belbeji zuwa Tanut bai rasa abin tsoro ba. Abin da ya rasa shi ne izinin rubuta shi.

Mai hanawa kuma a tambaye shi: me ke cikin littattafan Faransanci da yake karantarwa? Tun 1697 Charles Perrault ya buga labarin kyarkecin da ya cinye yarinya da kakarta, da na ƙaton da ke cin ƴaƴan mutane. Ashe dodon Faransa adabi ne, na Hausa jahilci? Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa ƴan makaranta Tatsuniyoyi da Wasanni. Ba a ji sun ɓata kowa ba. Batun ƙarya kuwa, tatsuniya ba ta taɓa yaudarar yaro ba, don da bakinta take cewa ƙurunƙus, kowa ya san wasa ya ƙare.

Dodo ma'aikacin tarbiyya ne. Shi ke tsare bakin rijiya da tafki, shi ke hana yaro bin baƙo ko yawon dare. Tsoron da aka ji a gefen kaka rigakafi ne, ana jin sa ba tare da an ji ciwo ba.

Ga kuma ribar rubutu. Ɗalibin da aka ce ya ba da labarin hutunsa yakan cika takarda da jimlolin haddace. Wanda aka ce ya tsorata abokansa dole ya yi tunani: me zai ɓoye, yaushe zai bayyana shi, sau nawa za a ƙwanƙwasa ƙofa kafin a buɗe. Zai gane bambancin tsit da shiru, da na wuf da sannu. Alƙalansa kuma ba sa karɓar toshiya: in ajin bai yi tsit ba, labarin bai yi ba.

Hanya a buɗe take. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma doka ba ta rubuta littafi. Malami ya aiki ɗalibai su ɗauko tatsuniya wajen tsofaffi, har da na Buzaye da Fulani maƙwabta, su rubuta ta, sannan kowa ya ƙago tasa, a juya mafi kyau zuwa Faransanci. Ƙungiyoyin al'adu su shirya gasa cikin hunturu, su buga abin da ya yi fice.

Tsofaffin da ke riƙe da waɗannan labarai suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Hunturun bana ya isa a fara.