Hukuncin Ɗaukar Hoton Faɗuwar Rana A Bakin Fadama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, wata al'ada ta shigo ƙasar Mashi, har ta jawo jayayya tsakanin malamai da fatake a zauruka da rumfunan kasuwa. Da la'asar sakaliya sai a ga samari sun nufi fadama da tafkunan da damina ta bari, waɗansu har madatsun ruwa na Daberam da Sabke wajen Daura. Ba kamun kifi ke kai su ba, sai ɗaukar hoton rana da wayar hannu sa'ad da ta yi ja bisa ruwa. Waɗansu dattawa sun ce haramun ne, tun da hoto ne. Lalle an yi gaggawar wannan hukunci.

Saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, ya umurce shi da zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi. To, rana da gajimare da ruwa da giginya ba su da ruhi. Har ma akwai karatu a ciki. Suratul Kahfi ta ba da labarin Zulƙarnaini da ya iske rana tana faɗuwa cikin ruwa mai baƙin taɓo, Tafsirin Jalalaini kuwa ya bayyana cewa ga ganin ido ne kaɗai. Almajirin da aka nuna wa hoton tafki da almuru ya fahimci wannan fassara nan take.

Haɗarin yana ga lokaci. A mazhabar Imamu Malik lokacin Magariba ƙuntatacce ne: Risala ta ce lokaci ɗaya gare ta, Muhtasar ya ƙaddara shi da gwargwadon yin tsarki da salla. Daga sa'ad da rana ta taɓa ƙasa ga ganin ido zuwa ɓacewarta bai wuce minti 3 ba. Jan da ke saura a sama bayan haka shi ne shafaƙi, wanda ɓacewarsa ke shigo da Lisha. Watau wanda ya tsaya jiran ja ya ƙara kyau, lokacin sallarsa yake ci. Maganin kuwa ba wuya: a ɗauki hoto tun rana tana nan, in ta ɓace waya ta koma aljihu. Ga ruwa a gabansa, sai ya yi alwala ya fuskanci gabas.

Da hunturu ƙura kan rufe rana tun tana sama, kada mai azumi ya sha ruwa don ba ta fito a hoto ba. Kada kuma a ɗauki mata masu ɗibar ruwa, ko mai wanka, ko makiyayi ba da izninsa ba, kada a tattake albasar mai lambu garin neman wurin tsayawa. Wannan haƙƙin mutane ne, Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe.

Sa'an nan akwai amfanin da fatake ya kamata su lura da shi, gama albasa da tumatir da kifin da suke fatauci daga fadama suke fitowa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda ambaliyar da ke ciyar da dausayinsu ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa a hankali yake janyewa, ido ba ya riƙewa. Amma in kowace shekara aka ɗauki hoto daga gindin itace guda, a lokaci guda bayan ɗaukewar damina, to akwai shaidar da dagaci zai kai gaban hakimi tun tafki bai zama fili ba.

Saboda haka abin da ya dace ga malamai su koya wa samarin nan iyakoki, kada su kore su. Wanda ya tsaya yana kallon aikin Mahalicci, kiran salla ba ya yi masa nisa. Allah shi ne masani. Wassalam.