Rabon Babura Ba Wakilci Ba Ne

A Rano da Kibiya da Bunkure, kamar a sauran mazaɓun Kano, an daɗe da tsayar da ma'aunin gane ɗan majalisa nagari: me ya raba? Babura nawa, keken ɗinki nawa, injin markaɗe nawa, buhun taki da shinkafar azumi nawa? Wanda ya raba da yawa "yana aiki", wanda bai raba ba "ya tare a Abuja". Sojojin baka na faɗin haka a rediyo, matasa na maimaitawa a Facebook, har masu ilimin da ya kamata su farkar da jama'a sun bi sahu. Ni kuwa ina ganin wannan ma'auni na cikin manyan asarorin da muka tafka tun 1999, domin shi ya sauke wa wakilanmu nauyin da muka zaɓe su dominsa, ya musanya musu da wani aiki mai sauƙi da arha.

Kundin tsarin mulki bai ɓoye aikin ba. Sashe na 80 da na 81 sun hana a taɓa kuɗin gwamnatin tarayya sai majalisa ta amince, sashe na 88 da na 89 kuma sun ba ta ikon bin sawun kuɗin, ta kira minista ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani. Babu sashen da ya ɗora wa ɗan majalisa raba kekunan ɗinki. Wakilin Rano, Bunkure da Kibiya ɗaya ne daga cikin mutum 360 da ke riƙe da makullin baitulmalin ƙasa a Majalisar Wakilai. Kujerar tana hannun Kabiru Alhassan Rurum tun 2019, mutumin da ya taɓa zama kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano, wato ya san kasafi ciki da bai. Ba shi na gurfanar a nan ba. Ma'aunin nake tuhuma, wanda da shi aka auna waɗanda suka gabace shi, da shi kuma za a auna duk wanda zai gaje shi.

A duba lissafi. Shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya da sunan ayyukan mazaɓu. In da za a raba ta daidai tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360, kowa zai tashi da kimanin miliyan 213. Kasafin 2024 kuwa naira tiriliyan 28.7 ne, ke nan a kowace naira 100 da majalisa ta sa wa hannu, wannan kaso bai kai kwabo 40 ba. A kan wannan ɗan kwabo muke kiɗa da rawa, muke yanka wa mutum rigar yabo ko ta zagi. Sauran naira 99 da ɗoriya, inda maganin asibiti da gyaran hanya da biyan bashi suke, ba mu taɓa tambayar wakilinmu me ya ce a kansu ba, ko ma ya halarci zaman.

Shi kansa ɗan kason ba daga aljihun kowa ya fito ba. Ɗan majalisa ne ke zaɓar aikin, a saka shi cikin kasafin wata ma'aikata ko hukuma, ita ta ba da kwangila ta biya da kuɗin harajinmu da na man fetur. Amma ranar rabo hotonsa ne a jikin rumfa, sunansa ne a jikin rijiyar burtsatse, maroƙi na kirarin kyauta, talaka na durƙusawa yana godiya a kan abin da nasa ne tun asali. A watan Nuwamba na 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a taron hukumar ICPC cewa an ware kimanin naira tiriliyan 1 cikin shekara goma domin ayyukan mazaɓu, ba tare da an ga tasirin da ya kai kuɗin ba. A shekarar ce hukumar ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka jiha jiha. Ajin makaranta dai ana iya zuwa a ga ko an gina shi. Kayan tallafi kuwa, da zarar an watse daga filin taro, babu mai iya tantance ko ɗari biyu aka saya ko hamsin. Shi ya sa 'yan siyasa suka fi son su, mu kuma muke taya su so.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. Wanda ya ajiye aikinsa a cikin kasafin wata hukuma, yana bin shugabanta da lallashi don a saki kuɗi, da wane baki zai titsiye shi gobe a gaban kwamiti? Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A 2016, Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji, maƙwabtanmu, ya fito ya zargi shugabannin majalisa da cushe a kasafi, aka dakatar da shi na kwana 180 na zaman majalisa. A watan Maris na 2024, Sanata Abdul Ningi ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai tiriliyoyin da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, shi ma aka dakatar da shi. A 2025 ƙungiyar BudgIT ta ce ta ƙirga ayyuka sama da 11,000 da majalisa ta cusa a kasafin shekarar, na kusan naira tiriliyan 7. Ko mutum ya yarda da waɗannan zarge-zarge ko bai yarda ba, ya kamata a ce a kowace mazaɓa an tsare wakili an tambaye shi matsayinsa. Ba a yi ba, saboda hankali yana kan jerin sunayen rabo.

Mutanen wannan yanki su ne suka fi cancanta su san bambancin rabo da aiki, domin shaida tana bakin ƙofarsu. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Audu Baƙo, ga ta nan kusa da Rurum. Ruwanta ne ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, shi ya mai da noman rani sana'ar dubban gidaje, shi ke cika kasuwar Kwanar Gafan da tumatir. Shawara guda ce ta kashe kuɗin gwamnati, ga shi an haura shekara 50 ana cin moriyarta. Wane babur ne ya taɓa kai shekara goma? Yau kula da madatsar da magudananta yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, hukumar tarayya da kasafinta ke bi ta gaban kwamitocin majalisa kowace shekara. Nawa aka ware don yashe magudanai da cire kacalla? Nawa aka saki a ciki? Akwai shirin faɗaɗa noman rani zuwa ga manomin Kibiya da har yanzu damina kaɗai yake jira? Waɗannan ne tambayoyin da amsarsu ke sauya rayuwar ƙauye, kuma majalisa ce doka ta ba ikon kiran hukumar ta zo ta amsa su.

Za a ce ai mai jin yunwa ba ya cin sashe na 88. Gaskiya ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, yunwar ta ƙaru. Ban ce bazawarar da aka miƙa wa injin markaɗe ta mayar ba, ta karɓa, haƙƙinta ne. Amma a tambaya: me ya sa mai neman kuɗin magani ko na jarrabawa ba shi da ƙofar bugawa sai ta ɗan majalisar tarayya? Saboda ƙaramar hukuma, wadda doka ta ɗora wa hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci da kasuwanni, an daɗe da mai da ita ofishin biyan albashi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wakilin da ya tsaya kai da fata har kason Rano da na Kibiya ya riƙa isa sakatariya, kuma aka san inda ya tafi, ya fi wanda ya raba tirela goma amfani. Rabo kuma ba ya isa ga kowa: ta hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa ake rubuta sunaye, wanda bai da uwa a gindin murhu sai dai ya ji labari. Asibiti mai magani kuwa ba ya tambayar katin jam'iyya.

Don haka ƙungiyoyin ci gaban gari, da na manoman rani, da ɗalibai, da malamai, su sauya abin da suke kai wa wakilansu, na Abuja da na Kano. A nemi kowane wakili ya zo ya zauna da jama'a kafin a zartar da kasafi, ya koma bayan an zartar. Ya kawo jerin ayyukan da ya saka, da hukumar da aka ajiye kowanne, da kuɗinsa, da sunan ɗan kwangila. In ya ƙi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar ya nema. Ya faɗi inda ya tsaya a kan kowane bashi da aka ciwo da kowace dokar haraji. Ɗan siyasa abin da ake saya yake kawowa kasuwa. Muddin ƙuri'armu tana tafiya a kan buhun shinkafa, buhun za a ci gaba da kawo mana, kuma ba mu da bakin ƙorafi a kan sauran kasafin.