Kundin Terraform ba na ajiyewa a laftop ba ne

Matasanmu na zango da suka shiga aikin gajimare, da ku nake yau. Yawancinku kun san Terraform, manhajar da kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014: ka rubuta irin sabar da kake so a fayil, ita ta gina maka. Abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba shi ne, duk abin da ta gina sai ta rubuta shi a wani kundi mai suna terraform.tfstate, kuma da shi kaɗai take gane kayanta. Ranar da kundin ya ɓace, sabobin suna nan suna cin kuɗin mai aiki, ita kuwa ba ta san da zamansu ba. Ka sake ba ta umarni, sai ta kama gina wasu a gefen na da.

Shi ya sa nake ganin tun ranar farko ya kamata a kai kundin nan ma'ajiyar nesa, ko da kai kaɗai ne a aikin. Ana sace laftop, kuma tana mutuwa ba sallama.

Wasu kan ce ai sai su tura shi Git tare da sauran fayiloli. Kar ku soma! Kalmar sirrin rumbun bayanai tana iya zama a cikinsa ɓaro-ɓaro, kuma abin da ya shiga tarihin Git cire shi aiki ne ja. Sannan Git ba ya hana mutum biyu aiki a kan kundi ɗaya lokaci guda, wanda nan ne ake yin ɓarnar.

Hanyar ba ta da wuya. Ka buɗe ma'ajiya a S3 na Amazon, ko takwarorinta na Google da Azure. Ka rufe ta daga jama'a, ka kunna adana tsofaffin kwafi don in kundi ya lalace ka koma na jiya. Sai kulle, wanda ke sa na biyu ya jira na farko ya gama. A da sai an haɗa da DynamoDB kafin a samu kullen, amma daga Terraform 1.10 S3 ɗin da kansa yana yi. Bayan nan umarnin terraform init -migrate-state zai kwashe kundin ya kai can.

Na san ƙorafin: biya da dala, ga katin banki da ke ƙin wucewa. Gaskiya ne, amma kundin ƙaramin fayil ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma GitLab ma yana ajiye shi. Wanda maganar sirri ta fi damunsa ya duba OpenTofu, reshen da ya ɓalle bayan HashiCorp ta canza lasisi a Agustan 2023. Tun sigar 1.7 yana rufe kundin da mabuɗi kafin ya bar kwamfutarka.