A Yi Hattara Da Allurar Ciwon Baya

Sanin kowa ne cewa da zarar an kammala aikin damina a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ba masara da auduga kaɗai manomi yake kaiwa gida ba, har da ciwon baya da na ƙugu da na gwiwa. Mutumin da ya yini sunkuye a kan garma tun daga huɗa har maimai, sa'an nan kaka ta yi ya shiga ɗaukar buhu mai kilo 100 a kasuwar Dandume ko ta Bakori, ba abin mamaki ba ne in ya wayi gari ya kasa yin ruku'u. Mata ma da suke fama da daka da sussuka da ɗaukar itace ba su tsira ba. Ciwon kuwa ruwan dare ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a shekarar 2020.

Abin baƙin ciki shi ne hanyar da yawancin jama'a suke bi wajen neman sauƙi. Wani ya je wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga, wani ya tsaya kemis a ɗirka masa allura, wani kuwa ya riƙa haɗiyar tiramol domin ya iya komawa gona. Rahoton 2018 na binciken da aka yi a faɗin Nijeriya tare da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 4.6 sun yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi masu kashe zafi ba bisa umurnin likita ba. Saboda haka duk wata hanya da za ta rage wa manomi ciwo ba tare da ta mai da shi bawan ƙwaya ba, ta cancanci a dube ta da idon basira.

Akwai irin waɗannan hanyoyi guda biyu da ake samu a manyan birane, kuma labarinsu yana ƙara yaɗuwa ta wayar hannu. Ta farko ita ce allurar Sin, wadda Turawa suke kira akufanca. Masu maganin ƙasar Sin sun fi shekara dubu biyu suna yin ta, bisa imanin cewa akwai wani ƙarfi da yake zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai ciwo ya taso. Akan soka siraran allurai a wurare sanannu, waɗanda yawansu ya haura 300, a bar su kamar minti 20 zuwa 30. Ta yi suna a ƙasashen Turawa bayan 1971, lokacin da wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya ba da labarin yadda ta rage masa zafi bayan an yi masa tiyata a birnin Beijing.

Ta biyu ita ce busasshiyar allura, wadda aka ba ta wannan suna domin ba a ɗura wani magani da ita. Tushenta binciken likitocin zamani ne, musamman Dakta Janet Travell, wadda ta yi jinyar ciwon bayan Shugaba Kennedy na Amurka, da Dakta Karel Lewit na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, wanda ya nuna a 1979 cewa sukan kansa yana rage zafi ko babu magani. A nan akan laluba tsoka a gano inda ta ƙulle ta yi gudaji, a soka allurar daidai wurin har tsokar ta zabura ta saki. Allurar iri ɗaya ce da ta Sin, bambancin yana ga inda ake sokawa da kuma dalilin sokawar.

To, wace ce ta fi? Amsar ba za ta yi wa masu talla daɗi ba. A wani babban gwaji da aka yi a Jamus, aka bayyana sakamakonsa a 2007, an raba masu ciwon baya 1,162 gida uku. Waɗanda aka yi wa allurar Sin yadda ƙa'ida ta ce, kimanin kashi 48 cikin ɗari sun sami sauƙi. Waɗanda aka soka wa allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Waɗanda aka bari a kan jinyar da aka saba kuwa, kashi 27. Watau allurar tana taimakawa, amma ba lalle ne asirin yana cikin wuraren sukan ba. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa hanyoyin biyu wuri guda, ta ce ana iya amfani da su a kan daɗaɗɗen ciwon baya tare da motsa jiki da ilmantar da majinyaci, ta kuma hana a riƙa ba da ƙwayoyi dangin tiramol a kan wannan ciwo.

Bisa ga haka, ba sunan allura ya kamata manomi ya fara tambaya ba. Abu na farko shi ne sanin ciwon. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya ko jijiya ce ta danne, kuma babu allurar da za ta warkar da wannan. Mai irin wannan alama wurinsa asibiti, in ta kama a tura shi Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sai likita ya tabbatar ba wata muguwar cuta a ɓoye, sa'an nan a yi batun zaɓi: in tsoka ce ta ƙulle a wuri guda, busasshiyar allura ta dace a gwada, in ciwo ne da ya daɗe ya game jiki, allurar Sin ce aka fi yin bincike a kanta.

Abu na biyu shi ne hannun da yake riƙe da allurar. In aka zurfafa ta a ƙirji ko a gadon baya tana iya huda huhu. In aka yi wa mutum biyu da allura ɗaya, an buɗe wa ciwon hanta da cutar ƙanjamau ƙofa. Jama'ar karkara kuwa sun daɗe da ɗaukar cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, saboda haka ranar da ɗan damfara zai shimfiɗa tabarma a kasuwar Kafur ko ta Ɗanja da sunan maganin Sin, ba zai rasa masu ba shi baya ba. Doka ba ta yi shiru ba. Masu allurar Sin suna ƙarƙashin Majalisar Likitoci ta Nijeriya, ma'aikatan gashin ƙashi kuma, waɗanda galibi su ne suke yin busasshiyar allura, suna da hukumar da take yi musu rajista, wadda Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa. Wanda ba shi da takardar ɗayansu ba shi da hurumin soka wa kowa allura.

Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta riga 'yan damfara isa karkara. Ya kamata ta tabbatar kowane babban asibiti a wannan shiyya yana da sashen gashin ƙashi mai isassun ma'aikata, ta kuma riƙa tura su ƙauyuka ranakun kasuwa su koya wa manoma yadda ake ɗaga kaya da yadda ake motsa baya. Ƙananan hukumomi su sa ido a kan masu allurar bayan fage. Hakimai da dagatai su tara sarakunan aska a ja hankalinsu a kan sabuwar reza ga kowane mutum, tun da haɗarin aska da na allura ɗaya ne.

Manomin da ya ciyar da jiha bai cancanci a bar shi tsakanin tiramol da allurar wanda bai san aiki ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah ya sa hukuma ta farga tun da sauran lokaci.