Takardar asuransi ba ta jan mota



Yau zan taɓo maganar da na san wasu ba za su ji daɗinta ba, musamman masu motoci da shugabannin tasha. Ku yi haƙuri, amma sai na faɗa, don abin ya ci gidanmu, kuma gobe yana iya cin gidan wani.

Bara, lokacin rake, motar kawuna mai ƙafa goma ta ɗauko lodi daga fadama za ta Yamai. Ta hau kwaltar Gaya zuwa Dosso, ta wuce Malgoru kaɗan, bayan la'asar sai bwat ta yi wata ƙara, mota ta tsaya cak, rabinta bisa kwalta rabinta a gefe. Aka ɗauko makanike daga Gaya a kan kabu-kabu. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana goge hannu ya ce wannan ba aikin bakin hanya ba ne, sai an kai ta garaji. Aka kira mai janwe. Tambayarsa ta farko ba "ina kuke?" ba ce. Cewa ya yi: "Mi ta ɗauko?" Da ya ji rake ne, kayan da ba su jira, sai ya yanke jika 250, kuma a tura rabi kafin ya tada inji.

Kawu ya dube ni ya ce: "Ɗana, ai muna da asuransi, wata biyu ke nan da munka sabunta. Kira su su zo su ja." Na karɓi takardar na karanta gaba da baya, na ce: "Kawu, wagga takarda ba ta jan mota." Ya ce: "To mi anka biya?" Wallahi ranar ban sami amsar da za ta sanyaya masa rai ba.

Mota ta kwana uku a wurin. Aka yi hayar wata motar, aka biya 'yan lodi sau biyu, rake ya sha rana ya yi yaushi, mai saye a Yamai ya kariyar da kuɗi. Daga ƙarshe bijimin da ake kiwo don Sallah shi ya biya janwe da gyara. Ribar shekara ta tafi a bakin hanya.

To, ga amsar tambayar kawu, don kowa ya ji. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wannan doka ita ce ta wajabta wa duk mai mota ya yi asuransi. Amma wane iri? Wanda zai biya WANI idan motarka ta yi masa ɓarna: ka kaɗe mutum, ka buge motar wani, ka rushe shagon wani. Shi ke nan. Ba ya gyara motarka. Ba ya biyan kayan da ka ɗauko. Ba ya turo janwe. In kana son waɗannan, wani ƙari ne daban da ake rubutawa cikin kwangila, a biya shi daban. Haka ma katin nan mai ruwan ƙasa na CEDEAO da aka ƙirƙiro a Kwatano a 1982, wanda direbobinmu suka saba riƙewa in za su Kamba ko Malanbil: hakkin wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasa yake karewa, ba ruwansa da motarka da ta mutu a hanyar Birnin Kebbi.

Yanzu bari in raba laifin, kowa ya ɗauki nasa.

Na farko mu kanmu. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba don kariya muke yin asuransi ba, don jandarma muke yi. A shinge a miƙa farmi, a miƙa kartigiris, a miƙa asuransi, a wuce. Shi ya sa in mutum ya je biya, tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi araha? Ba ya tambayar mi ke ciki. Wani ma ta hannun ɗan kamasho yake saye a tasha, bai taɓa ganin ofishin kamfanin ba, bai san ko kuɗin sun isa ba. Alhali tun 2011 dokar CIMA ta ce sai an biya kuɗin asuransi kariya ke farawa. Mutum zai zuba miliyoyi ya sayi mota, ya zuba mata lodin miliyan, amma bai taɓa zama minti goma ya sa ɗansa ɗan lakwal ya karanta masa takardar da ke cikin akwatin gaban mota ba.

Na biyu masu sayar da asuransin. Takarda da Faransanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, a miƙa wa dattijon da Hausa da Dandanci da Zabarmanci yake ji. Mi zai hana a gaya masa da bakinsa: "Alhaji, wannan na wajibi ne kawai, ba ya jan mota, in kana son ja, ga kuɗinsa, ga iyakarsa"? Minti biyu ne. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya bar shi yana zaton ya sayi abin da bai saya ba, ko doka ba ta kama shi ba, hakki ya kama shi. Kuma in ma akwai tsarin ja, a faɗa mana har ina ya kai. Taimakon da ya tsaya a bakin Yamai ba shi da amfani ga motar da ta mutu a cikin Dallol Mauri.

Na uku masu janwe. A nan sai na yi adalci, don jan babbar mota ba wasa ba ne. Motar da birkinta na iska ne, in inji ya mutu iska ta ƙare, ƙafafu kullewa suke yi, sai an ba ta iska ko an sassauta birkin da hannu. Sai an kwance kardan, in ba haka ba bwat ta yi ta juyawa ba mai, a kai ta garaji da ciwo biyu. Sai da sandar ƙarfe, ba igiya ba. Ga mai na zuwa da dawowa. Mu yi lissafi: a Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar gazuwal zuwa sefa 618. A ce janwe ya yi kilomita 200 zuwa da komowa, a ce yana shan lita 40 a kilomita 100. Lita 80 ke nan, kusan jika 50. Ƙara kuɗin direba da yara, ƙara lalacewar taya, ƙara riba. Duk mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a yanke kuɗi da irin kayan da ke cikin mota da kuma yadda muryar mai ita ke rawa a waya. Nisan hanya ɗaya, nauyi ɗaya, amma mai siminti kuɗinsa daban, mai tumatir daban, don an san tumatir ba ya kwana. Wannan ba ciniki ba ne. Wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, amma mai miƙa takobin bai isa ya ce taimako ya yi ba.

Na huɗu shugabannin tasha. Kowace mota ta yi lodi ana cire na sandika. Shekara da shekaru ana cirewa. Tambayata ɗaya: ranar da motar memba ta kwana a daji, mi wannan kuɗi ke yi masa? In akwai amsa, ga wurin sharhi nan a ƙasa, a rubuta mu gani, ni zan fara ba da haƙuri.

Wani zai ce ai matsalar mai mota ce shi kaɗai. A'a. Motar da ta mutu bisa kwalta tarko ce ga kowa. Mun san yadda muke yi: a karyo rassan itace a jera, a tokare taya da duwatsu. Dare ya yi, ba fitila, ba alama mai ƙyalli, ɗan kabu-kabu ya taho da mace da goyo, ko bas ta taho a guje. Bayan an ja motar ma, sau nawa ake barin duwatsun a tsakiyar hanya? Ga kuma halin tsaro da kowa ya sani. Ba lokacin da za a bar direba da yaran mota su kwana uku a daji ba ne. Kuma ku tuna, mu ba mu da wata hanya sai wannan. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai ya tsaya a Dosso tun 2016, na Kwatano ya tsaya a Paraku. Rakenmu, rogonmu, dankalinmu, gishirin Foga, duk bisa taya suke tafiya. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a ƙarshen Yulin 2023 aiki ya ja baya, aljihun masu motoci ya yi sanyi, gyaran da ya kamata a yi yau sai a ɗaga shi zuwa wata mai zuwa. Motar da ake ɗaga wa gyara kuwa a hanya take karɓar bashinta.

Akwai masu cewa asuransi haram ne, mu dai mun dogara ga Allah. Ban zo yin fatawa ba, amma abin da malamai suka yi bayani a bayyane yake. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ƙi inshorar kasuwanci, amma ta halatta ta taimakekeniya, wato mutane su tara kuɗi a matsayin gudummawa don tallafa wa wanda masifa ta samu a cikinsu. Shi ake kira takaful. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, kuma CIMA kanta ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Ga shi kowa ya san hadisin mai raƙumi da aka umarta ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. To mai mota, ina igiyarka?

Kada kuma a ce wannan abin Turawa ne da ya fi ƙarfinmu. Su ma da ƙungiya suka fara. AAA ta Amurka a 1902, ADAC ta Jamus a 1903, AA ta Ingila a 1905, duk masu ababen hawa ne suka haɗa kai, daga baya suka mai da ita hanyar ceton wanda ya lalace a hanya: ka biya kuɗin shekara, ranar da ka tsaya ka kira, a zo. A Faransa, a kan manyan hanyoyin da ake biya, gwamnati ce ke yanke kuɗin jan ƙananan motoci, ba mai janwe ba. Kuma ko can wanda bai karanta takarda ba yana shan wuya. Masu motocin nan da aka yi wa ɗaki da gado da madafa a ciki, waɗanda suke yawon duniya da su, sau da yawa sai sun tsaya a hanya suke gane cewa katinsu na ƙaramar mota ne, bai ɗauki nauyin tasu ba, ko kuma kilomitocin da aka yarda a ja su kaɗan ne, sauran daga aljihunsu. Darasin ɗaya ne daga can har Yelu: nauyi nawa, nisa nawa, wa za a kira. In ba a rubuce ba, babu.

To mi za mu yi? Ga shawarata, kuma ba ta buƙatar jiran kowa daga Yamai.

Masu motocin Yelu da Malgoru da ƙauyukan kewaye su kafa asusun janwe. Mun iya adashi, mun iya gayya, wannan ɗan uwansu ne. A ce mota 60, kowace jika 2 a wata. Jika 120 ke nan a wata, miliyan ɗaya da jika 440 a shekara. Babbar mota ta fi ƙarama zubi, don janta ya fi tsada. Da wannan kuɗi a hannu sai a je wurin masu janwe na Gaya da Dosso tun ba a lalace ba, a zauna a yi ciniki da kwanciyar hankali: kilomita kaza kuɗi kaza, nauyi kaza kuɗi kaza, dare ko rana, a rubuta, a sa hannu gaban magajin gari da sarki. Mai janwe ma ya ci riba, don ya sami abokan ciniki tabbatattu da biya ba jayayya. A liƙa lambar waya da farashin a tasha inda kowa zai gani.

Kuma don kada a maimaita abin da ya kashe asusu da yawa a garuruwanmu: kuɗi su zauna a banki ko asusun ajiya, ba a aljihun shugaba ba. Mutum uku su sa hannu kafin a cire. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Wanda bai zuba ba, ba a ja masa da kuɗin asusu, ko ƙanen wa ne. Asusun na ja ne da gadin mota, ba na sayen inji ba, ba na biki ba, ba na rance ba.

Kafin nan, kowane mai mota ya yi abu uku a wannan mako. Ya fiddo takardarsa a karanta masa. Ya koma inda ya biya ya tambaya ko akwai ja a ciki, in babu nawa ne ƙarinsa, kuma har ina yake aiki; mai shiga Najeriya ko Benin ya tambayi takardar da ake karɓa yanzu, tun da Nijar ta fita CEDEAO a 29 ga Janairun 2025. Sannan ya sayi alamar nan mai kusurwa uku da tocila mai kyau ya ajiye a mota, a bar wa awaki ganye.

Kawu ya riga ya yi asarar bijiminsa, ba zai dawo ba. Amma lokacin rake na tafe, motoci za su sake hawa kwalta da lodi har sama, kuma a cikinsu akwai wadda bwat ɗinta ke jiran ranarta. Shugabannin tasha, ƙwallo ba nawa ba ne, taro nake roƙo: ku sa rana ku kira masu motoci. Ni zan zo da takarda da biro.

Wanda ya taɓa kwana a hanya da mota, ya rubuta mana nawa ya biya da kuma daga ina aka ja shi, ba sai ya ambaci sunan kowa ba. Da wannan za mu san farashin da za mu je ciniki da shi.

Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya.