Ranar hanya ta samari ce

A da, burin saurayi a Attantane shi ne doki. Yau burinsa moto ne. Moto yana da amfani: shi ke kai mara lafiya likita, shi ke kai ɗan kasuwa Mayahi ko Tasawa ya dawo kafin magariba. Amma sau da yawa yaro ɗan shekara 15 yakan hau moton wansa, alhali ba abin da aka koya masa sai tayar da shi. Ya saba da rairayin ƙauye. Ran da ya hau kwaltar da ta ratsa Tasawa daga Maraɗi zuwa Damagaram, sai ya gamu da manyan motoci.

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Tsakanin shekara 5 zuwa 29, ba abin da ya fi shi kisa.

Iyaye suna faɗa, jandarma suna tara, amma gudu bai ragu ba. Saurayi ya fi jin maganar sa'ansa. Saboda haka ya kamata gari ya shirya ranar hanya, kuma a bar shirin a hannun samari. Wannan ba baƙon abu ba ne. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƴan samariya sun gina azuzuwa, sun share gari da gayya. Jikokinsu ma za su iya.

Lokacin da ya dace shi ne kaka. Hatsi ya shiga rumbu, kuɗi sun shiga hannu, bukukuwa sun yawaita. Tun 2005 ma, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Lahadi ta uku ta watan Nuwamba don tunawa da waɗanda hanya ta ci.

Maigari ya ba da fili, liman ya yi addu'a. Daga nan kada a cika jawabi, gani ya kori ji. A shimfiɗa igiya mai mita 17 a ƙasa. Moto mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye tsawon igiyar nan cikin daƙiƙa ɗaya, tun direba bai taka birki ba. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata yana ninka huɗu. Kowa ya taka igiyar da ƙafarsa, ya tuna da ƙanensa yana kora awaki a bakin hanya.

Sannan a kawo kankana biyu. A ɗaure ɗaya cikin hular kwano, a bar ɗaya haka nan, a sako su daga kan amalanke. Wanda ya ga abin da ya sami ta biyun ba zai ƙara cewa hula zafi gare ta ba. Tsofaffin ƴan kabu-kabu kuma su nuna yadda ake duba birki da fitila da taya.

Ƴan makaranta ma suna da nasu aiki. Su ne suka iya rubutu da Hausa da Faransanci. Su za su rubuta alluna, a kafa a ƙofar makaranta da bakin kasuwa. Su yi wasan kwaikwayo a kan mai ɗaukar mutum huɗu a moto ɗaya.

Wasu za su ce yini ɗaya ba ya gyara hali. Gaskiya ne, in an watse an manta. Don haka kafin a tashi, samari su zaɓi mutum uku masu tuni a kowace ranar kasuwa. Iyaye kuma su yi alkawari a gaban jama'a: ba a ba yaro makullin moto sai ya isa, ya koya, ya sa hula. Moton da ya lalace ana kai shi wurin makaniki. Yaron da aka rasa ba shi da makaniki.