Rigar Kanti Ko Ɗinkin Tela?

A nan Briqueterie, unguwar teloli da masu yadi, ba sai an gaya mana bambancin rigar kanti da wadda aka auna mutum aka ɗinka masa ba. To, ashe gardamar nan ta bi mu har cikin kwamfuta.

Tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ke makarantarmu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Kuɗin sababbi kuwa babu. Sai muka koma ga Linux, wanda Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara a 1991, kuma kyauta ake samunsa.

Nan wani tsohon ɗalibinmu, yaro mai ƙwazo, ya ce kada mu yarda da yadda abin ya zo. Wai a bar shi ya ɗinka mana namu kanel, wato zuciyar manhajar, wadda ke shiga tsakanin na'ura da sauran shirye-shirye. Zai zubar da duk abin da ba mu bukata, kwamfuta ta yi sauƙi. Gaskiya ce, ana yin haka, domin rubutun kanel ya haura layi miliyan 30, yawancinsa na kayan da ba mu taɓa gani ba.

Muka ba shi guda ɗaya ya gwada. Yini guda tana aiki, aka ɗauke wuta, ya sake daga farko. Da ya gama, ta riƙa tashi da ɗan sauri, amma injin buga takardu ya ƙi motsi, ga jarrabawa ta matso. Ashe ya yanke har da hannun riga!

Abin da ya fi damunmu ma shi ne gobe. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, yana fitar da bugu mai dogon zango duk shekara 2, da gyaran tsaro na shekara 5, yana zuwa da kansa. Kanel ɗin gida kuwa, duk ɓarakar da aka gano sai mai shi ya zauna ya sake ɗinki. In yaron ya sami aiki a Duwala, wa zai riƙe mana allura?

Saboda haka sauran kwamfutocin mun sa musu Lubuntu yadda ya zo, mun ƙara haruffan ɓ, ɗ da ƙ kawai. Waccan gudar kuwa mun bar masa, ranar Asabar yana koya wa 'yan babban aji yadda ake kwance ta a mayar.